Maki Arba'in da Tara

"Ina sunka tahi?" Mu'az ya sake tambaya. Ya miƙa wayar har ta kusa taɓa hancin Gideon. "Ran Alhamis maki arba'in da tara na bari cikin gem ɗin ga. Yau ko ɗaya babu. Ina sunka tahi?"

"Liman, bari in tuɓe takalmi dai."

"Kak ka ce min Liman. Amsa nika so."

Dawowar Gideon ke nan daga coci. Zufa ta manne masa farar rigar Lahadi a baya, Littafi Mai Tsarki na hammatarsa. Bai kalli wayar ba. Ya kalli randar da ke gindin dalbejiya, ya kalli keken Mu'az da ke yashe a ƙasa, sannan ya ce, "Na kashe su."

"A kan mi?"

"Mai magani."

"Duka?"

"Duka."

Mu'az ya sauke hannu. Tun ƙarfe tara ya san amsar. Awa uku ya yi a kan benci, a tsakar gidan nan na Dundaye, yana kallon gurbin da lambar take. Amma jin ta daga bakin Gideon daban ne.

Benci ɗaya suka zauna a sakandare, shekara uku. Da sakamako ya fito, Turanci ya kayar da Mu'az. Ya sake zama, ya sake kayar da shi. Gideon ya ci nasa, amma jami'a ba ta kira shi ba. Sai suka zama 'yan zaman jira su biyu. A cikin zaman ne yayar Gideon ta sake waya, ta ba shi tsohuwar, mai tsagaggen gilashi a kusurwa. Ita ce ta iya ɗaukar wasan harbin nan da samari ke yi ta intanet, wanda ake zuba mutum ɗari a fili ɗaya, huɗu-huɗu, a yi ta ɓarin wuta har ƙungiya ɗaya ta rage. Wayar Mu'az mai madannai ce, daga kira sai tocila.

Waya ɗaya, don haka soja ɗaya. Wurin raɗa masa suna suka yi rabin yini suna gardama, har Gideon ya gaji ya rubuta Namu. Sunan ya zauna. Rabon kwana kuwa ibada ce ta yi musu shi: Juma'a ta Gideon ce, Mu'az na masallaci, Lahadi ta Mu'az, Gideon na coci. Sauran ranaku tare suke zama. Duk Lahadi Gideon kan bar wayar cikin gwangwanin madara a bayan randa, Mu'az ya tako keke tun daga Ƙofar Taramniya ya ɗauka. Ita ma randar tana da aikinta a wasan. Zafin Sakkwato ba ya barin wayar ta yi zagaye uku ba ta ɗau wuta ba, hoto ya riƙa tsayawa. Sai a sa ta a leda, a kwantar da ita kan jiƙaƙƙen yashin gindin randa, a jira ta huce.

Gideon ke da yatsu. Mu'az ke da littafi.

Duk matakin da soja ya hau, wasan kan ba shi maki ɗaya. Da makin ake sayen ƙwarewa da kayan yaƙi, kuma hanya uku ce: ɗan gaba-da-gaba, mai magani wanda ke tayar da 'yan ƙungiyarsa in sun faɗi, sai maharbin nesa. Kowa da zarar ya samu yake kashewa. Mu'az ne ya lura da abin da sauran ba su lura da shi ba: ba da matakinka wasan ke zaɓa maka abokan karawa ba, da yawan makin da ka kashe ne. In ka riƙe makinka, da sababbin shiga za a yi ta haɗa ka, kana cinye su kana hawa. A can ƙarshen hanyar maharbi kuma akwai doguwar bindiga mai madubi, harsashinta ɗaya ke fasa kowace hular ƙarfe. Ita da dabarar riƙe numfashi da rigar ɓuya, maki hamsin cif.

Sai ya juya tsohon littafinsa na kemistiri ta baya ya zana komai. Wace rana za a hau wane mataki. Wane tudu ke ganin wace gada. Wane lokaci sabis ya fi ƙarfi a Dundaye. Wata goma sha ɗaya Namu na yawo da 'yar bindigar da ake ba kowa kyauta, ba sulke, ba hula, 'yan wasa na yi masa dariya suna ce masa ɗan tsirara. Gideon ya sha roƙo, ko maki biyar ne a saya masa riga. Mu'az ya ce a'a. Ran Alhamis suka tashi da arba'in da tara, na hamsin ɗin saura ƙiris. Yau ce ranar.

"Saura guda, Gideon," ya ce. "Guda."

"Na sani."

"Ka sani, kay yi?"

Gideon ya ajiye Littafin a kan taga, ya zauna a bakin benci yana kwance igiyar takalmi. "Godwin yak kira ni ran Juma'a. Za su shiga gasa wata mai zuwa, ba su da mai magani. Yac ce in zo."

Godwin ɗan kawun Gideon ne, yana jami'a a Jos. Sau ɗaya Mu'az ya taɓa ganinsa, wata Kirsimeti, da agogo mai faɗi da dariya mai ƙara.

"Godwin ya taɓa taka keke daga Taramniya cikin azumi don a hau mataki guda?"

"Ban ce ya taɓa ba."

"Ya san shekaranjiya waccan sau nawa anka kashe mu don ba mu da hula?"

"Kai ma ka san doguwar bindigag ga ba ta yi a wayag ga," Gideon ya ce, muryarsa ta fara tashi. "Ka ɗaga madubi, waya ta yi zahi, hoto ya tsaya. Kahin ya dawo, wanda kaka auna ya kai Wamakko ya sha hura ya dawo."

"Shi ya sa na rubuta a riƙa yi da sahe. Shahi na tara. Ka karanta?"

"Ban karanta ba."

"To da ka..."

"Ban taɓa karanta littahin ga ba, Mu'az. Ko sau ɗaya. Kana nuna min, ina ce ma to. Ni wasa nika yi. Kai ko jarrabawa kaka rubutawa."

Mu'az ya ji kalmar ta shiga inda aka aike ta. Wata kaza ta zo tana tonon yashin gindin randa, ba wanda ya kore ta.

Gideon ya cire takalmin na biyu, ya yi ƙasa da murya. "Kuma in gaskiya za a hwaɗi, wayar tau ta."

Tawa ce. Wata goma sha ɗaya ba a taɓa faɗin kalmar nan a gindin dalbejiyar nan ba. Data tare suke sawa. Cajar ma ta gidan su Mu'az ce, ta yayansa Zayyanu, da ya ɗauko ba da saninsa ba har suka yi sati ba sa magana. Ya buɗe baki zai faɗi wannan, sai ƙofar langa-langa ta yi ƙara.

Saratu ce, mahaifiyar Gideon, malamar firamare, ta tsaya taron zumuntar mata shi ya sa ta yi baya. Ta shigo tana fifita da takardar waƙoƙi, fuskarta sai walƙiya take.

"A'a, ɗana Mu'azu! Kana nan ashe. Ka ci abinci?"

Mu'az ya rusuna. "Sannu da dawowa, Mama."

"Yawwa. Ya su Hajiya? Kai, yau na yi rawa a coci har ƙafata na ciwo. Godiya muka kai gaban Ubangiji." Ta dubi ɗanta, ta dubi Mu'az. "Wannan miskilin bai gaya maka ba? Sunansa ya fito! Jami'ar Jos. Tun Laraba muka gani. Sati uku ya rage ya tafi."

Gideon na kallon safarsa.

"Allah shi sa albarka, Mama," bakin Mu'az ya faɗa, shi kaɗai, ba da shawararsa ba.

"Amin, amin. Kai ma naka na zuwa. Kullum ina sa ka a addu'a, wannan karon Turancin nan zai sake ka." Ta dafa kansa ta wuce. "Bari in ɗumama muku shinkafa. Kada ka tafi, ka ji?"

Labule ya faɗi a bayanta.

"Tun Laraba," in ji Mu'az.

"Na so in hwaɗa ma."

"Ran Alhamis nan munka zamna. Nan. Ina nuna ma inda za mu kwanta da bindigar, kana ce min to."

"Ban san ta inda zan hwara ba."

"Ka san ta inda za ka hwara kashe maki dai."

Gideon ya shafa fuska da hannu biyu. Ya miƙe ya zo ya tsaya kusa da shi, ya sa yatsa a gilashin wayar, ya buɗe wani shafi. "Ga wanki nan. Kwana uku aka ba mutum, yau ta ƙarshe. Danna, su dawo. Ni zan san abin da zan ce ma Godwin. Danna mana, Liman."

Mu'az ya san wankin. Yana shafin ƙarshe na littafinsa, ya ja masa layi biyu da jan biro don kada a taɓa kusantarsa. Sau ɗaya ake yi wa soja, kuma ba kyauta ba: wasan zai mayar maka da makinka, ya cinye goma sha biyu.

Ya zauna. Ya ɗora wayar a cinya, ya zaro littafin daga aljihun riga, ya cire murfin biro da haƙori. In an wanke, talatin da bakwai. Zuwa hamsin, goma sha uku. A inda Namu ya kai yanzu, mataki ɗaya sati guda yake ci, in wuta ta zauna, in sabis bai yi gardama ba. Ya rubuta sati goma sha uku. A gefensa ya rubuta sati uku. Ya daɗe yana kallon lambobin biyu. Ya gwada ta wata hanya, a yi wasa safe da yamma, a daina jiran randa. Ya samu tara. Ya soke. Duk ta inda ya bi, wayar na cikin mota a hanyar Jos kafin bindigar ta buɗe.

Tun da ya fara littafin nan bai taɓa yin lissafin da ya ƙi fita ba. Wannan ma ya fita. Abin da ya fitar ne ba ya so.

Ya rufe shafin wankin bai danna ba.

"Yau Lahadi," ya ce. "Ranata ta."

"Ban hana ka ba."

Yana shiga wasan, gayyata ta faɗo daga ƙungiyar Godwin. Gideon ya motsa kamar zai yi magana. Mu'az ya karɓa.

"Gidi!" muryar Godwin ta cika tsakar gidan, da hayaniyar wasu a bayansa. "Ka fito coci? Mu je, mu je. Likita, ka tsaya a bayana, kar ka yi nisa."

Namu ya bayyana, Mu'az ya kusa kasa gane shi. An sa masa sulke, an sa masa hula, ga wata ƙatuwar jakar magani a baya. Jirgi ya zuba su. Su ukun suka nufi gada. Mu'az ya karkata hagu.

"Ina za ka?" Gideon ya ce a hankali. "Gada sunka yi."

Akwai wani tankin ruwa a kan tudu, arewa da gadar, mai tsani a bayansa inda ba kowa ke lura ba. A shafi na tara an zana shi, an kewaye shi da da'ira, an rubuta "nan" a ƙasansa. Sau uku Mu'az ya taɓa zuwa ya auna wurin ya sauka, yana ajiye shi don yau. Ya kai Namu can da gudu, ya hau tsanin, ya kwantar da shi rubda ciki.

Lissafinsa daidai ne. Daga nan ana ganin komai: gadar, gidajen bakin rafi, hanyar da dole kowa ya bi. Ya ɗaga bindigar da ke hannunsa, guntuwar bindigar mai magani, ba madubi. Mutanen da ke ƙasa ɗigo-ɗigo ne kawai suna motsi.

Aka buɗe wuta a gada. Waɗannan ba sababbin shiga ba ne. Maki arba'in da tara sun shiga jikin Namu, wasan ya kawo masa sa'o'insa. Godwin ne ya fara faɗuwa. Jan tambari ya fito a kansa, lamba ta fara saukowa daga sittin.

"Likita! Gidi, kana ina? Zo ka ɗaga ni!"

Mu'az bai motsa ba.

"Sauka," Gideon ya ce. "Kana iya kai garai. Bi ta rahi."

Hamsin. Arba'in da biyar. Na biyu ya je ya janye Godwin, shi ma ya faɗi.

"Me yake yi a kan tanki? Gidi! Ka haukace ne?"

"Mu'az, don Allah. Don girman Allah."

Yatsun Mu'az na kan gilashin. Wayar ta fara ɗumi. Yana jin numfashin Gideon a kafaɗarsa. Ya san sarai inda maɓallin allurar yake, ya san taku nawa ne daga tsani zuwa gada, shi ya ƙirga su da kansa watannin baya. Talatin. Ashirin da biyu.

Gideon ya sunkuyo ya kai baki kusa da wayar. "Godwin, yi haƙuri, ba ni ba ne. Wani ne yake riƙe da wayan."

Mu'az ya ɗago ya dube shi. Abu biyu ya ji. Ya ji "wani". Kuma ya ji harshen da aka faɗe shi da shi. Gideon da aka haifa a Sakkwato, wanda ke cewa "wayag ga" tun suna aji ɗaya har malamai na tsokanarsa, yau "wayan" yake cewa, irin ta su Godwin. Mutumin na nan tsaye da safa a Dundaye, harshensa ya riga shi shiga mota.

"Wane wani kuma?" in ji Godwin. "Ka karɓe mana! Wa ya ce ka ba yara..."

Ƙara ɗaya ta fito daga nesa, busasshiya. Namu ya yi shiru a kan tankin.

Wasan na da wata al'ada: in an kashe ka, sai ya nuna maka yadda abin ya faru ta idon wanda ya harbe ka. Gilashin ya yi duhu, ya koma da'ira. Madubin doguwar bindiga ne. Wani can a tudun gabas, wanda ya kai hamsin ɗinsa. Mu'az ya ga duniyar ta matso kusa, tsaf, har ƙusoshin tankin ana gani. Ya ga layukan biyu suna lilo kaɗan, sannan maharbin ya riƙe numfashi, suka tsaya cak. A tsakiyarsu ga Namu kwance da jakar magani, yana auna abin da ba zai iya samu ba. Hular da aka saya masa ba ta hana komai ba.

Wata goma sha ɗaya yana son ya leƙa ta cikin madubin nan. Ya kalla har hoton ya ƙare. Ashe haka yake. Ya fi yadda ya zata kyau.

Godwin na ta faɗa, Gideon ya miƙo hannu ya katse shi. Wayar ta yi zafi har ba ta riƙuwa. Ya karɓe ta daga hannun Mu'az, ba fizga ba, Mu'az kuma bai riƙe ba. Ya zaro ledar daga gwangwani, ya sa ta ciki, ya kori kazar, ya kwantar da ita kan jiƙaƙƙen yashi. Ya tsuguna a gabanta. Mu'az ya tarar da kansa shi ma ya taso zai tsuguna, kamar kullum, a jira ta huce. Ya fasa.

"Da gangan kay yi," Gideon ya ce, bai juyo ba.

"Awo."

"Yanzu ka huce?"

"A'a."

Daga ciki cokali na buga tukunya. "Ku zo ku ɗauka, ta yi zafi!" Saratu ta kira. "Mu'azu, na sa maka ƙwai biyu!"

Mu'az ya ɗaga kekensa, ya kakkaɓe yashin sirdi. Littafin na kan benci, a buɗe, iska na ɗaga shafi na tara tana mayarwa.

"Littahinka," in ji Gideon.

"Bar shi nan. Mama ta hura wuta da shi."

"Mu'az, ba hakanan nis so ta ƙare ba. In na zo hutu..."

"In ka zo hutu ka ishe ni nan. Ina za ni?"

Ya tura keken har bakin ƙofa. Langa-langar ta ɗau rana, ta ƙona masa tafin hannu, bai saki ba. Daga nan zuwa Ƙofar Taramniya tafiya ce mai tsawo a wannan zafin, kuma Lahadi mai zuwa ba shi da inda za shi. Ya waiwayo. Gideon na tsugune yana juya wayar a kan yashi, ɗaya gefen ma ya sha sanyi.

"Fasto," ya ce. Rabon da ya kira shi haka tun Alhamis.

Gideon ya ɗago.

"Sunan ba ya canzuwa, ka sani. Na duba tun tuni. In ka je can sunka gani, sunka ce maka Namu, kai da wa, mi za ka ce musu?"